Cokali Biyu a Kwanon Umma

Sallama gare ku, jama'ar wannan shafi. Batulu ce ta Ƙofar Doka. Wata a cikinku ta tambaye ni wai me gwaiba ta yi min da ko ƙanshinta ba na so. To yau za ku ji. Amma ku yi min uzuri in kun ga na ɗau zafi a tsakiyar labari, domin abin ya haura shekara talatin, kuma har gobe in na tuna sai na ji kamar in koma baya in ja kunnen kaina.

Shekarar 1991 ce, tsakiyar damina. Ina aji biyu a jami'a, ɓangaren Kongo, ina karatun shari'a. Daga gida nake zuwa kullum, bas ɗaya daga Ƙofar Doka, sauran a ƙafa. Maganar zama a hostal ko da wasa ban taɓa ɗaga ta ba, don shi kansa karatun da ƙyar na same shi. Mahaifina, Malam Labaran, shi ne limamin masallacin unguwarmu, kuma zaurensa ba ya rabuwa da dattawa masu ɗaukar karatu. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, kwana tara ta yi a ƙarƙashin buzunsa bai ce uffan ba. A rana ta goma ya kira ni.

"Za ki je," in ji shi. "Amma sharaɗi ɗaya ne. Ranar da aka shigo zauren nan aka ce min an gan ki zaune da namiji a makaranta, ranar karatun ya ƙare. Mai son ki ya san hanyar gidan nan."

Na ce na ji na yarda, har da hawayen murna. A lokacin wa ya san da wani Bahago?

Shu'aibu ne sunansa na yanka, amma ko malamansa Bahago suke kiransa, saboda da hagu yake rubutu, agogonsa kuma a dama. Ɗan Ƙofar Galadima ne, babansa maɗinkin manyan riguna, shi kuma yana ajin ƙarshe a sashen mulki. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kaftaninsa biyu ne rak, fari da ruwan toka, amma kullum a goge kamar yanzu aka karɓo daga wanki. A layin rajista muka haɗu, ya ara min biro, ban mayar ba sai bayan wata biyu. Wannan dai ku kuka san sauran.

Za ku ce to ai da sauƙi, ya zo gida mana. Hmm. Gidanmu akwai doka, kuma duk samarin unguwa sun haddace ta. Saurayi zai zo zance sau ɗaya, ya zo sau biyu, ba mai ce masa kanzil. Ranar da ya zo na uku, Malam da kansa zai fito ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Samari, turo manyanka kafin wata ya mutu, ko kuma ka hutar da takalminka." Haka aka yi wa mijin yayata Asama'u, shi kuwa dama a shirye yake, sati biyu aka kawo goro. Bahago ya zo sau biyu a cikin ƙaramar salla. Saura masa ɗaya, yana ta lallaɓa ta kamar ƙwai a aljihu, don ga jarrabawar ƙarshe a gabansa, ga bautar ƙasa, abin da ya mallaka a duniya kuma keke ne da akwatin littattafai.

Gida ba dama, makaranta ba hali. Waya kuwa babu ita, ku 'yan yanzu da kuke hira daga cikin bargo. In kana son ka ji muryar mutum, dole ka nemi inda za ka zauna da shi.

Haka muka shiga farautar wurin zama a cikin makarantar nan. Ba wani abu muke nema ba, wallahi. Inuwa da benci da minti talatin.

Abin da ba za ku gane ba shi ne, a wancan zamani rabin ƙananan ma'aikatan Kongo 'yan birni ne. Masinja, mai gadi, mai shara, direba, duk da safe su hau kekuna su fito ta ƙofar gari, da yamma su koma su yi sahu a bayan Malam. Ni kuwa kamar an buga min hatimi a goshi, ga shi na ɗebo kamarsa har wushiryar.

Wurin farko da muka gwada gindin wani itacen dogon yaro ne a bayan ɗakin lakca. Akwai bencin siminti, iska na kaɗawa, ba kowa. Na gyara gyalena, shi kuma ya zauna a ɗaya ƙarshen, tsakaninmu mutum uku za su shiga. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai na ji daga bayana,

"A'a, 'yar Malam! Ya Malam ya ji da ƙafar tasa?"

Masinjan sashenmu ne, gida huɗu ne tsakaninmu da shi. Kafin in juyo Bahago ya miƙe, ya kafa wa jikin itacen ido yana karanta wata sanarwar zaɓen ɗalibai ta bara da ruwa ya wanke rabinta. Minti goma masinjan nan yana ba ni labarin maganin sanyin ƙashi, minti goma Bahago yana karanta layi biyu.

Muka koma laburare, hawa na sama, wani lungu tsakanin kantocin tsofaffin kundayen shari'a da ba mai taɓawa sai gizo-gizo. Wurin ya yi min. Taga ce babba, kana hango kan itatuwa, ga ƙanshin tsohuwar takarda. Magana ba dama, sai dai mu tura wa juna rubutu a bayan takardar lakca. Ya rubuta, "Atamfar nan sabuwa ce?" Na rubuta, "Ta Asama'u ce, kar ka faɗa." Kwana biyu muna haka ina ganin mun dace. A rana ta uku mai jera littattafai ya turo keken littattafansa, ya tsaya daidai kaina, ya sunkuyo ya yi raɗa,

"In kin koma a gaida Malam. Ki ce ɗalibinsa na bayan asuba."

Na ce zai ji. Takardar nan kuwa na dunƙule ta na cusa a jaka.

Sai rumfar wata mai lemo da fanke a bayan hostal ɗin mata, mai labulen buhu da tebur ɗaya a ƙurya. Na ce wannan dai ba ta zuwa masallacinmu. Ta kawo lemon, ta buɗe, ta tsaya tana kallona da mabuɗin a hannu.

"Ke ba ƙanwar Asama'u ba ce ta Ƙofar Doka? Ni ce Ladi mana! Ai ni na yi mata kitson biki. Ya Umma?"

Lemon nan ban san ta inda ya bi ba.

Ranar na isa ɗakin Hilda raina a dagule. Hilda ƙawata ce ta aji, 'yar Wusasa, babanta malamin makaranta, ita a hostal take. Ita kaɗai ta san maganar Bahago. Na jefar da jaka a gadonta na ce,

"Makarantar nan gaba ɗaya zauren babana ce. Ko rijiya na shiga sai na tarar da wani a ciki yana cewa a gaida Malam."

"Kwantar da hankalinki. Akwai wurin da na rantse ba ɗan birnin da ke taka shi."

"Ina?"

"Bayan cocinmu. Ga matakala, ga inuwa, ga furanni."

Na dube ta sama da ƙasa. "Hilda, ke ƙawata ce kuwa? A ce wa Malam an gan ni da namiji bai ishe ki ba, sai an ƙara masa da bayan coci?"

Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ko a jikina. Sai da ta share hawaye sannan ta ce, "To tsaya, na tuna. Akwai lambun da muke zuwa karɓo furanni ranar Asabar. Can bayan tsofaffin gidajen malamai, in kin wuce tankin ruwa. Tsohon da ke kula da shi da sassafe yake ban ruwa, ya tafi yankan ciyawa, ba ya dawowa sai la'asar."

Kun ji fa. Tsoho. Ni mai karatun shari'a, wadda ake koya wa yin tambaya kullum, ban ce wane tsoho ba, ban ce ɗan ina ne ba. Jakata kawai na ɗauka na ce ta nuna min hanya.

Jama'a, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Shinge ne na ganye mai kauri ya zagaye shi, da 'yar ƙofar kwano da ake ɗaurewa da waya. Kana shiga sai hayaniyar makaranta ta ɗauke ɗif. Furanni ne jere a gwangwanayen madara da na tumatir, ja da rawaya da wasu farare ƙanana masu ƙanshi in rana ta taɓa su. Itacen gwaiba biyu sun haɗa kai a tsakiya, a ƙarƙashinsu benci na katako a kan bulo. Gefe guda ga randa da moɗa a kife a kan murfi, ruwanta sanyi ƙalau. A 'yar rumfar kwano an jingine tabarma da buta. Ba abin da kake ji sai kurciya da ɗigar famfo.

Washegari na kawo Bahago. Ya tsaya yana waige-waige, ya ce,

"Kin tabbata ba mai cewa a gaida Malam a nan?"

"Sai dai kurciya."

Ranar na fara jin dariyarsa sosai, ashe har da wani ɗan tari yake haɗawa a ƙarshe.

Sati biyar muka yi muna zuwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu saura kwata, Litinin da Laraba. Ya yi min bitar darasi, in yi masa gyaran furojet ɗinsa na kammala karatu, mu yi musu a kan sunan 'ya'yan da ba a haifa ba. A sati na biyu na lura bencin a goge muke tarar da shi. A na uku an sa dutse a ƙarƙashin gefen da ke gurgusawa. Wata rana bayan an kwana ana ruwa, muka tarar an ninke buhu an shimfiɗa a kai. Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "Bahago, wurin nan kamar ya san da zuwanmu." Shi kuma ya ce, "Albarkarki ce." Mutum biyu 'yan jami'a, ba wanda ya tsaya ya ce to hannun wa ke yin wannan aiki.

Yanzu bari in kawo ku kan kwano. Umma ba ta yarda in ci abincin waje, don haka kullum da ƙunshina nake fita, a wata samira fara mai shuɗin fure, a ɗaure da ɗankwali. Ku da kuka tashi a birni kun sani, kowane gida da alamar kwanukansa, don in an yi biki ko suna kaya sun cakuɗe kowa ya gane nasa. Ta Umma jan fenti ce, ɗigo uku a gindin kwano. Kuma duk Juma'a kwanukan nan sai sun zaga unguwa da sadakar waina. Ba gidan da bai san ɗigon nan uku ba, tun daga bakin ganuwa har kasuwa.

Da muka samu lambu sai na fara cewa a ƙara min abinci.

"Ke da ba ki cinye rabin faranti?" in ji Umma.

"Karatun shari'a ne, Umma. Yunwa yake sawa."

Ta ƙara. Bayan kwana biyu na ji ta tana faɗa a madafi wai cokalinta ɗaya ya yi ƙafa. Na sunkuyar da kai ina ta tsintar shinkafa.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, dambu ne da zogale da man gyaɗa. Na sa atamfata koriya mai zanen ganye da farin gyale, har da ɗan turaren Asama'u da na shafa a wuya. Amma raina ba daɗi, domin daren jiya Asama'u ta zo gida ta ja ni ɗaki ta ce wani abokin mijinta, ma'aikacin banki a Kaduna, yana son ya zo gaishe ni, kuma Umma har ta fara murmushi. Hadari ya haɗo ta gabas tun muna buɗe kwanon.

Na faɗa masa. Ya ajiye cokali.

"To me kika ce?"

"Me zan ce? In ce ina da wani, amma yana ɓoye a cikin gwaiba?"

"Batulu, shekara ɗaya na roƙe ki. In gama, in yi bautar ƙasa."

"Na gaji, Bahago. Na gaji da zama kamar ɓarauniya a makarantar da na shigo da izinin ubana. Ka yi zuwanka na uku. Ka faɗa wa Malam gaskiya, ka ce a ba ka lokaci."

"Malam yana ba da lokaci? Wa ya taɓa ba wa?"

"Ka gwada mana!"

"In ya ce in turo fa? In tura babana zauren Malam Labaran hannu rabbana, ya zauna a gaban dattawa ana tambayarsa sana'ar ɗansa ya ce ɗalibi ne? Mutumin da idonsa ya kusa ƙarewa a kan allura don in yi karatu?"

"Ni kuma nawa karatun fa? Kullum na zauna a bencin nan da shi nake caca!"

Ya juya kai gefe. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba,

"Ko me za a yi, bana ba zan turo ba. Gobe da safe ma Jos zan tafi neman bayanan furojet, sai Litinin mai zuwa. In na dawo kin huce sai mu yi magana."

In na huce! Na miƙe ban san na miƙe ba. Daidai nan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na cusa littattafaina a ƙarƙashin gyale na fita da gudu, ko waige ban yi ba, shi kuma na ji ƙarar kekensa ta ɗaya hanyar. Ni na ɗauka zai ɗauki kwanon. Shi ma, ina jin, ya ɗauka na ɗauka.

"Ina samirata?" in ji Umma da na shiga gida a jiƙe.

"Na bar ta ɗakin Hilda, saboda ruwa."

Talata tun kafin lakcar farko na zarce lambun. Benci a goge, an share ganyen da ruwa ya kakkaɓo, randa a cike. Kwano babu. Na duba bayan randa, na duba rumfa, har cikin furanni na leƙa. Na ce wa kaina ai Bahago ne ya dawo ya ɗauka. Da wannan na lallashi zuciyata har ƙarfe huɗu, amma ko kalma ɗaya ta lakcar ranar ban riƙe ba.

Wajen biyar saura na sauka a Ƙofar Doka. Tun daga nesa na hango takalma a bakin zaurenmu, ban damu ba, lokacin karatun la'asar ne. Sai na ga wani tsohon keke a jingine da bango, an ɗaure masa babban almakashin yankan shinge a kariya. Na tsaya ina kallonsa, amma ban gane na wa ba ne tukuna.

Gidanmu ba shi da wata ƙofa, dole ta zaure za ka bi. Na ja gyale na rufe kai, na yi sallama, na durƙusa daga gefe zan gaishe su in wuce. Dattawa bakwai ne zaune, Malam a kan buzunsa. A tsakiyarsu, a kan tabarma, ga samirar Umma an ɗaure ta da ɗankwalinta, ɗauri mai kyau irin na maza.

"Yauwa, ga ta nan ma! Sannu 'yar Malam, sannu amaryarmu."

Na ɗago. Baba Jalo ne, wani dattijo mai farin gemu da ke zaune can bakin ganuwa. Tun ina ƙarama na san shi, shi ke kawo wa Umma ganyen lalle. Na san dai an ce yana aiki a jami'a, amma ni duk zatona can ɗaya ɓangaren ne, na Samaru.

Ya juya wajen Malam fuskarsa fal murna.

"Allah gafarta Malam, kwanon gida na dawo da shi. Jiya ruwa ya kore su suka bar shi. Ina juya shi na ga ɗigon nan uku na ce ai wannan ko a mafarki na san shi, mun ci sadakar Juma'a a ciki ba adadi. To ba a mayar da kwano haka nan, shi ne na ɗan tsinko gwaiba, ta nuna sosai bana."

"Madalla," in ji Malam. "Su wa ruwan ya kora?"

"Ita da angon mana. Ai a lambuna suke ɗan hutawa da rana, yau sati biyar. Ni ban taɓa shiga musu ba, in na dawo ɗaukar buta na hango su sai in koma da baya, in yi alwalata a famfon ƙasa. Na ce wa maiɗakina, 'yar Malam Labaran ba za ta ɗauki abinci a kwanon uwarta ta kai wa namiji ba, sai wanda aka riga aka ba shi ita. Ashe an tsayar da magana ba mu ji ba! Yaro natsattse, dogon nan mai rubutu da hagu. Kuma wallahi ko gefen gyalenta bai taɓa kusanta ba, ni shaida ne. Kai, Malam, ka iya zaɓe. Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a yi da mu."

Ya ɗaga hannuwa sama. Sauran dattawan shida suka dubi juna, su ma suka ɗaga. Duk suka zuba wa Malam ido suna jira.

Ban san tsawon shirun nan ba. Na dai san na ƙura wa wani zaren tabarma ido kamar shi zai cece ni. Da mugunta Baba Jalo ya zo, da na samu wanda zan tsana. Amma tsohon nan da ya yi sati biyar yana goge mana benci, da zuciya ɗaya ya zo taya ubana murna.

Malam ya ɗaga hannunsa.

"Amin," ya ce.

Aka shafa. Aka shiga yi masa barka, wani har yana ƙorafin an ɓoye musu. Ni dai ban san yadda na kai tsakar gida ba.

Bai kira ni ba sai da suka watse, rana ta yi ja, ana shirin magariba. Na same shi a ɗakinsa shi kaɗai, kwanon a gabansa. Umma na tsaye a bakin ƙofa ta kama labule, ta ji komai daga soron ciki. Na durƙusa nesa da shi. Ya kwance ɗankwalin a hankali, ya ɗaga murfin. Ƙanshin gwaiba ya cika ɗakin. Manya ne, rawaya, an wanke su. A samansu an jera cokali biyu, su ma a wanke tas.

Umma ta ce, "Cokalina," can ƙasa-ƙasa, ta rufe baki.

Na jira tsawa. Wallahi da ya yi tsawar da na fi samun sauƙi.

"Wanda ya zo nan sau biyu da ƙaramar salla ne? Mai agogo a dama?"

"Shi ne, Malam."

"Me ya hana shi zuwa na uku?"

"Bai shirya ba. Karatu yake." Na sunkuyar da kai. "Malam, wallahi ba abin da..."

"Na sani. Jalo ya ba da shaida, kuma Jalo ba ya ƙarya." Ya dubi kwanon. "Ni ne na yi. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a zauren nan, ban taɓa faɗa wa mutanen nan abin da ba shi ba ne. Yau na ce amin a kan abin da babu shi, a gaban mutum bakwai, don kar in tozarta ki. Kafin isha'i duk unguwa ta ji."

Hawaye suka zubo min. Ba na tsoro ba ne, na kunya ne, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ya ɗauki cokali ɗaya ya miƙa wa Umma. Ɗayan kuma ya ɗaga gefen buzunsa ya sa a ƙarƙashi, daidai inda takardar shigata jami'a ta taɓa kwana tara.

"Sharaɗina kin san shi, kuma kin karya. Amma zan ba ki ƙofa ɗaya. Wannan cokalin yana nan sai mai shi ya zo ya karɓa, shi da manyansa, ranar Juma'a bayan la'asar. In sun zo, amin ɗina ta zama gaskiya, ki ci gaba da karatunki, ko shekara nawa ne ya jira ki. In ba su zo ba, Asabar da asuba zan tashi a masallaci in faɗa wa mutane na yi musu ƙarya, ke kuma ki haɗa littattafanki ki kawo min nan. Kafin Juma'ar ba inda za ki. Tashi ki yi alwala."

Na fito ina haɗa hanya. Yau Talata. Bahago yana Jos, a gidan wa ban sani ba, ba zai dawo ba sai Litinin. Ko da yana nan ma, maganarsa ta ƙarshe tana nan tana yi min amsa-kuwwa a ka: ko me za a yi, bana ba zan turo ba. Hilda ce kaɗai za ta iya nemo min shi, ita kuma tana Kongo ba ta san me ake ciki ba, ni ga ni an rufe min ƙofa.

Ina tsugune a bakin rijiya da buta a hannu na kasa ko zuba ruwan, sai ga Umma ta fito da kwanon. Ta tsaya a kaina. Ba ta yi faɗa ba, ita ma. Ta zaɓi wadda ta fi girma a cikin gwaibar ta ajiye min a cinya.

"Ungo," ta ce. "Ci. Ai karatun shari'a yunwa yake sawa."